Nazari a Kan Dasa Ƙarafan Gaɓa a Wuyan Jitar Lantarki Ƙirar Gida

Gabatarwa

Kayan kiɗa masu tsirkiya da muka gada a ƙasar Hausa, irin su garaya da gurmi da molo da kuntigi, wuyansu sanda ce sumul. Makaɗi ne yake neman murya da yatsansa da kunnensa, ya danna inda ya san tana nan, in ta kauce ya ɗan gusa. Jita ba haka take ba. Tun a hannun wanda ya ƙera ta an riga an yanke wa kowace murya wurin zamanta, an kafa mata ƙarfe a nan, kuma makaɗi ba shi da ikon matsar da shi. Saboda haka duk kuskuren da mai ƙira ya yi a wannan aiki, makaɗi ne zai riƙa biyansa a kowace waƙa muddin jitar tana raye.

Ƙera jita a gida tsohuwar al'ada ce, kuma ta fitar da manyan makaɗa. Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila ya fara haɗa tasa shi da mahaifinsa a shekarar 1963. Sun sassaƙa wuyanta daga tsohon katakon da ke kan murhun wani gida, suka dasa mata ƙarafa 24, suka yi alamomin allonta da maɓallan riga, kuma da ita ya yi kusan dukan kiɗan da aka san shi da shi. Mdou Moctar na Nijar kuwa jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Wannan nazari zai dubi sashe ɗaya ne kawai na wannan sana'a, wato dasa ƙarafan da ke kan wuya, domin a ganinmu shi ne sashen da ya fi raba jitar da ake kaɗawa da wadda ake ratayewa a bango.

Ma'anar kalmomi

Wuya shi ne dogon katakon da ya fito daga gangar jita, wanda hannun makaɗi ke riƙewa. Allon yatsu shi ne fuskar wuyan ta sama, inda tsirkiyoyi suke bi. A wasu jitocin katako ne daban da ake mannawa, a wasu kuma fuskar wuyan ce kanta, kamar yadda Leo Fender ya yi a jitocinsa na farko a 1950. Ƙarfen gaɓa, wanda masu sana'ar ke kira firet, siririn ƙarfe ne da ake kafawa a gicciye a kan allon, yana raba shi gaɓa-gaɓa. Idan aka danna tsirkiya a bayansa, shi ne yake zama sabon ƙarshenta. Matashi shi ne ɗan ƙashi ko robar da tsirkiyoyi ke hawa a can saman wuya, jaki kuwa shi ne abin da suke hawa a kan ganga. Tazarar da ke tsakanin matashi da jaki ita ce za mu kira tsawon ma'auni, kuma daga gare ta ne duk wani lissafi yake tasowa.

Shi kansa ƙarfen gaɓa sassa uku ne. Akwai doro, wato ɓangaren da ake gani a sama, mai lanƙwasa, wanda tsirkiya ke taɓawa. Akwai harshe, wato siririn ɓangaren da ke shiga cikin katako. Sai kuma haƙora, ƙananan tsinaye da ke jere a gefe biyu na harshen, waɗanda ke cizon katako su hana ƙarfen fita. Yankan da ake yi wa allo da zarto domin harshen ya shiga shi ne tsaga.

Kuskuren da ake yi a wannan aiki iri uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su tun da wuri, domin kowanne da lokacin da ake magance shi. Na farko kuskuren wuri, wato ƙarfe ya zauna inda bai kamata ba a tsawon wuya. Na biyu kuskuren zama, wato ƙarfe bai kwanta sosai a kan katako ba. Na uku kuskuren tsayi, wato wani ƙarfe ya ɗara maƙwabtansa ko ya gaza su. Na farko yana ɓata murya, na biyu yana kashe ta, na uku yana sa tsirkiya ziza, wato wannan ƙarar gogayya da ake ji idan tsirkiya mai kaɗawa tana bugun ƙarfen da ke gabanta.

Lissafin wuri

Idan aka raba tsawon tsirkiya biyu daidai, muryar da rabin zai bayar ita ce ta farkon amma a sama, domin yawan kaɗawarta ya ninka. Wannan tazara za mu kira ta ninki. Tsarin da jita take bi ya raba ninki gida 12 daidai wa daida, kowane ƙarfe yana ɗaga murya da taki ɗaya. Abin lura shi ne daidaiton a kunne yake, ba a kan rula ba. Kowane taki yana ninka yawan kaɗawa da adadi guda, wato 1.059463, wanda idan aka ninka shi da kansa sau 12 zai ba da 2. Wannan ne dalilin da ya sa gaɓoɓin suke da faɗi a kusa da matashi, suna ƙanƙancewa yayin da ake tunkarar ganga.

Masu ƙera kayan kiɗa na dā a Turai suna da wata ƙa'ida mai sauƙi, wadda ake danganta ta da Vincenzo Galilei, mahaifin masanin taurari Galileo, a littafinsa na 1581. Ƙa'idar ita ce a raba tsawon tsirkiya gida 18, a sa ƙarfe na farko a kashi ɗaya, sannan a sake raba abin da ya rage gida 18 a sa na biyu, haka har ƙarshe. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1584, Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya fitar da ainihin lissafin rabon 12 ɗin. Adadin da ake amfani da shi a yau maimakon 18 shi ne 17.817.

Bari mu ɗauki ma'aunin Fender, inci 25.5, wato milimita 647.7. Idan aka raba shi da 17.817, ƙarfe na farko zai zauna a milimita 36.35 daga matashi. Na biyu yana 70.66, na biyar yana 162.47, na bakwai yana 215.41, na 12 yana 323.85, wato tsakiya cif. Na 22 yana 465.95, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na 21 ba ta kai milimita 11 ba. Da an bi tsohuwar ƙa'idar 18, da ƙarfe na 12 ya faɗo a wajen 321.5, ya gaza tsakiya da fiye da milimita biyu. Ba za mu ce magabatan sun yi sakaci ba. Danna tsirkiya yana ƙara mata ɗauri, muryar ta ɗan hau, kuma wannan gazawa tana rage hawan. Mai ƙirar yau yana magance matsalar ta wata hanya, yana ja da jaki baya kaɗan, gefen tsirkiya mai kauri ya fi na siririya ja baya. Shi ya sa jakin jitar lantarki yake da sukurori na matsar da mazaunin tsirkiya gaba ko baya. Kamfanin Gibson kuwa ma'auninsa inci 24.75 ne, jitar Brian May kuma inci 24. Duk wanda mutum ya zaɓa, lissafin ɗaya ne.

Domin a san nauyin kuskure, masana sun raba kowane taki gida 100, suna kiran kowane kashi sent. Idan ƙarfe na farko ya kauce da rabin milimita, muryar za ta kauce da wajen sent ɗaya da rabi, wanda kunne ba ya cika kamawa. Rabin milimitan nan a ƙarfe na 22 yana kawo kusan sent biyar, domin tsirkiyar da ta rage a can gajeriya ce, ba ta kai milimita 182 ba. Daga nan muke fitar da hukunci biyu. Na ɗaya, kulawa ta fi wajaba a ƙarshen allo, daidai inda hannu ya riga ya gaji. Na biyu, kowane ƙarfe daga matashi ake auna shi, ba daga ƙarfen da ya gabace shi ba. Wanda ya bi gaɓa-gaɓa yana aunawa, kuskuren kowace gaɓa yana hawa kan na baya, har ya isa ƙarshe da abin da ba ya gyaruwa. Alama kuma da bakin wuƙa ake yin ta, domin layin fensir shi kansa yana da kaurin da ya kai rabin milimita.

Ire-iren waya

Ƙarfen gaɓa a matsayin doguwar waya ake sayar da shi, a naɗe ko a miƙe, mai ƙira ya yanka. Ta fuskar sinadari, iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne wanda ake kira azurfar nikel, ko da yake babu azurfa a cikinsa ko kaɗan. Haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, kuma mai kyansa nikel ɗin yakan kai kashi 18 cikin ɗari. Yana yankuwa, yana goguwa, yana bin lanƙwasar allo ba gardama, amma tsirkiya tana cin sa a hankali har ta yi masa rami a wuraren da aka fi dannawa. Na biyu shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan yana daɗewa ƙwarai, yana da santsi, amma yana dakusar da kayan aiki, kuma in ba a lanƙwasa shi daidai da allo ba, ba ya yarda ya kwanta. Ga wanda yake wuyansa na farko, azurfar nikel muke ba da shawara.

Ta fuskar girma kuma, faɗi da tsayin doro ake dubawa. Siririyar waya irin ta tsofaffin jitocin Fender faɗinta wajen milimita 2 ne, tsayinta ya ɗan ɗara milimita ɗaya. Babbar waya kuwa takan kai milimita 2.8 a faɗi da 1.4 a tsayi. Mai tsayi tana sauƙaƙa tura tsirkiya gefe domin ɗaga murya, saboda yatsa ba ya gogar katako, sai dai mai nauyin hannu zai riƙa danna murya tana wuce wurinta. Ga mai ƙirar gida tana da wata fa'ida: ta bar masa abin da zai goge idan ya zo daidaita tsayi.

Mun san akwai masu dasa yankakken kusa ko silin keke a madadin waya, kuma ba ma raina wannan ƙoƙari, domin da irinsa ne mutane da yawa suka fara. Amma ƙarfen da ba shi da harshe da haƙora gam kaɗai yake riƙe shi, kuma kaurinsa ba ya zama ɗaya. In akwai abu guda da ya cancanci a tara kuɗi a saya, wayar ce.

Allo da tsaga

Allon jitar lantarki ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro daga gefe zuwa gefe, kamar an yanko shi daga jikin babbar da'ira. Ana bayyana wannan lanƙwasa da nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta. Tsofaffin Fender inci 7.25 ne, na baya-bayan nan 9.5, Gibson kuwa 12. Ƙaramin adadi yana nufin doro mai yawa, wanda ke da daɗin riƙe tsirkiyoyi da yawa a lokaci guda, amma idan aka tura tsirkiya gefe a can ƙarshen wuya sai ta hau tudu ta shaƙe. Babban adadi ya fi kusa da shimfiɗa. Ana fitar da lanƙwasar ne da wani katako mai kwarmi daidai da ita, a manna masa samfefa, a yi ta gurzawa a tsawon allo.

A nan ne muke son mai karatu ya dakata. Ƙarafan gaɓa ba su da wani tsayi nasu na kansu face wanda allo ya ba su. In allo yana da tudu a gaɓa ta tara, ƙarafan da ke wurin za su hau tudun. Saboda haka kafin guduma, sai an tabbatar allon ya miƙe sarai a tsawonsa. A cikin wuya akwai sandar ƙarfe mai sukuri, wadda Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ya nemi rajistar ƙirarta a 1921, aikinta shi ne ta yi tsayayya da jan tsirkiyoyi, wanda a jitar lantarki yakan kai wajen kilo 45. Ana saita wannan sanda har wuya ya miƙe, sannan a zazzana allon da fensir daga farko zuwa ƙarshe, a gurza da dogon katako madaidaici. Inda zanen ya goge tudu ne, inda ya saura kwari ne. Ba a tsayawa sai zanen ya tafi gaba ɗaya a lokaci guda. Bayan haka a ɗora madaidaiciyar rula a kai, a sa fitila a bayanta, a duba ko haske yana ratsowa ta ƙasa.

Tsaga tana da awo uku: faɗi, zurfi da miƙewa. Faɗin da aka fi amfani da shi shi ne milimita 0.58, domin harshen yawancin waya wajen rabin milimita ne, haƙora kuma sun ɗara tsagar kaɗan. Zarton kafinta na yau da kullum yana yanka fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka dole a nemi siririn zarto, a gwada shi a kan guntun katako irin na allon, a buga ɗan yankin waya a ga yadda ya kama. Idan tsaga ta yi faɗi, haƙora ba su da abin cizo. Idan ta yi ƙunci kuwa, matsalar ta fi ɓoyuwa: kowane harshe yana zama tamkar ƙaramin tsinken da ake faskara itace da shi, yana ture katako gaba da baya, kuma idan 22 suka haɗu sai su lanƙwasa wuyan gaba ɗaya baya. Ƙwararrun masu gyara sukan yi amfani da wannan da gangan domin miƙar da tsohon wuyan da ba shi da sandar saiti, amma ga wanda bai nufa ba, ɓarna ce.

Zurfi ya kamata ya ɗara tsawon harshe da ɗan kaɗan. In ya gaza, harshen zai taɓa ƙasa kafin doro ya taɓa allo, kuma duk bugun duniya ba zai zaunar da shi ba. Ya fi sauƙi a yi tsaga tun allon yana da kusurwa huɗu, kafin a fiƙe gefensa, domin a sami madaidaicin gefe da za a jingina ma'aunin kusurwa. Sai dai fitar da lanƙwasa yana cin gefe biyu na allo fiye da tsakiya, don haka tsagar da ta isa a dā takan gaza a bakin allo. Wajibi ne a sake bin kowace ɗaya a auna, a ƙara mata zurfi inda ya kamata, a share garin katakon da ya cika ta. Daga ƙarshe a bi bakin kowace tsaga da magagari mai kusurwa uku sau ɗaya ko biyu. Wannan ɗan aiki yana ba kusurwar da ke tsakanin doro da harshe wurin zama, kuma yana rage ɓallewar katako ranar da za a cire ƙarfen a sa sabo.

Dasawa

Hanyoyin dasawa uku ne sanannu. Akwai bugu da guduma, akwai matsawa da wani ƙarfe mai kwarmi daidai da lanƙwasar allo, akwai kuma zura ƙarfe ta gefe, wadda kamfanin Fender ya yi shekaru da dama yana bi. Ta ukun tana buƙatar na'ura ta musamman, ta biyun tana ba da sakamako mai kyau ga wanda yake da abin matsawa. Yawancin masu ƙirar gida da guduma suke aiki, don haka a kanta za mu tsaya.

Kafin a yanka waya, ana lanƙwasa ta fiye da lanƙwasar allo kaɗan, a goge mata man da ta zo da shi. Hikimar ƙarin lanƙwasar ita ce bakin ƙarfe shi ne yake son tashi, to idan wayar ta fi allo doro, bakunan ne za su fara taɓawa, kuma idan aka danne tsakiya sai haƙora su ɗan gusa gefe a ƙarƙashin katakon da ba a taɓa ba, su kama. Ana yanka kowane ƙarfe ya ɗara faɗin allo da milimita kaɗan a kowane gefe, a jera su bi da bi a wani katako mai ramuka masu lamba. Guduma ta kasance ƙarama, mai bakin tagulla ko roba mai tauri, domin ta ƙarfe tana lotsa doro. Ƙarƙashin wuya kuma a sa jakar yashi daidai inda ake bugu, saboda wuyan da yake tsalle yana mayar da bugun, ƙarfe ya shiga ya sake fitowa.

Mai aiki yana tsayar da harshe a bakin tsaga da yatsu biyu, ya tabbatar bai karkata ba. Ya buga baki ɗaya, ya buga ɗayan, ƙarfen ya tsaya da ɗan baka a tsakiya. Daga nan ya bi shi da ƙananan bugu a jere har ya kwanta. Kunne yana taimakon ido a nan: ƙarfen da bai zauna ba yana ba da sauti mai kwarmi, wanda ya zauna kuwa sautinsa gajere ne mai tauri, kamar katakon kansa aka buga. Da zarar sautin ya canza sai a daina, domin ƙarin bugu a tsakiya yana miƙar da wayar ya ɗaga bakunanta. Ana gwada zama da siririn ƙarfen awo ko gefen takarda: in ya shiga ƙarƙashin doro a ko'ina, ƙarfen bai zauna ba. Akwai masu ɗiga gam mai saurin kamawa ta bakin tsaga domin ya cike gurbin da ke ƙarƙashin harshe, kuma muna ganin wannan daidai ne, da sharaɗin a ɗauke shi mataimakin haƙora. Gam ba ya mayar da tsagar da ta lalace mai kyau.

Idan duka sun zauna, sai a datse bakunan daidai da gefen allo, a bi su da magagari a tsaye har su yi sumul, sannan a karkata magagarin wajen digiri 30 zuwa 35 a fiƙe su. Kada karkatar ta yi yawa, domin tana cin filin da tsirkiyoyin gefe suke tsayawa, su riƙa zamewa suna faɗowa.

Daidaita tsayi

Ko an yi komai da kyau, ƙarafan ba za su zo da tsayi ɗaya cif ba. Ana sake miƙar da wuya, a rufe katakon da ke tsakanin ƙarafa da tef na takarda, a shafa wa kan kowane doro baƙar tawada. Sai a ɗauki dogon ƙarfe ko katako madaidaici mai samfefa, a bi tsawon wuya a hankali, ana bin lanƙwasa daga gefe zuwa gefe. Ƙarfen da ya fi tsayi shi ne zai fara haske. Ana ci gaba har kowane doro ya nuna ɗan layin haske daga baki zuwa baki, a tsaya nan take. Wasu sukan ƙara rage ƙarafan ƙarshe kaɗan, daga wajen na 15 zuwa sama, domin a nan ne ziza ta fi yawa idan aka sauke tsirkiya ƙasa. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a ɗora gajeren ƙarfe madaidaici a kan ƙarafa uku kacal, a gwada girgiza shi. In ya yi rawa yana ƙas-ƙas, na tsakiya ya ɗara. Ana yin wannan a wurare uku ko huɗu a faɗin kowane ƙarfe.

Gurzawa tana barin kan doro a shimfiɗe, kuma ba a barin sa haka. A kan shimfiɗaɗɗen doro tsirkiya ba daga tsakiya take tashi ba, daga bakinsa na wajen jaki take tashi, wato wurin da aka sha wahalar lissafawa ya gusa. A babbar waya wannan gusawa za ta iya kai rabin milimita, kuma mun riga mun ga abin da rabin milimita yake yi a ƙarshen allo. Don haka ana sake shafa tawada, a ci gefe biyu na doron da magagari har ya koma mai lanƙwasa, a bar siririn layin tawada a tsakiya ba a taɓa ba. Wannan layi shi ne tsayin da aka daidaita. Bayan haka sai gogewa da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a kuma zagaye kowane baki ɗaya bayan ɗaya har yatsa ya bi gefen wuya bai ji kaifi ba.

Abin da muke jaddadawa shi ne daidaita tsayi maganin kuskuren tsayi ne kaɗai. Ƙarfen da bai zauna ba yana nutsewa idan samfefa ta bi ta kansa, ya sake tasowa bayan ta wuce, mai aiki ya yi ta cin maƙwabtansa a banza. Haka ma allon da ba a miƙar ba: za a iya tilasta wa kan ƙarafa su yi layi ɗaya, amma waɗanda ke kan tudu za su ƙare a shimfiɗe tun jitar ba ta yi waƙa ko ɗaya ba. Wanda ya ga dole ne ya ci fiye da ɗan kaɗan daga doro, ya koma baya ya binciki zama. Bayan an ɗaura tsirkiya kuma, ana sassauta sandar wuya har a sami ɗan kwari na wajen rubu'in milimita a tsakiyar allo, domin tsirkiya mai kaɗawa a tsakiya ta fi buƙatar fili. Sai an yi wannan ne za a iya yi wa aikin hukunci.

Katako da iska

Saura abu guda da ya shafi duk mai wannan aiki a ƙasarmu fiye da takwaransa na Turai ko Amurka. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma a faɗi yake yin haka, a tsawo kusan ba ya motsi. Ƙarfe kuwa bai san laima ba. Allon da faɗinsa ya kai milimita 56 a wajen ganga, in ya tsuke da kashi ɗaya cikin ɗari, ya rasa fiye da rabin milimita, wato kowane bakin ƙarfe zai leƙo da wajen rubu'in milimita. Wannan ya isa ya karci hannu. Tsakanin laimar watan Agusta da bushewar hunturu a Kano ko Damagaram akwai tazarar da ba kowane katako ke jurewa ba, kuma jitar da aka gyara bakunanta da damina za ta nuna haƙoranta a watan Janairu. Tsagar ma tana motsi tare da katakon, ƙarfen da ya kama da kyau ya fara sassautawa.

Itatuwan da suka dace ba su yi mana nisa ba. Maɗaci dangin katakon da ake yi wa jita wuya da ganga ne a ƙasashe da yawa. Kanya 'yar'uwar baƙin katakon nan ce mai tauri da ake yi wa manyan jitoci allo da shi. Madobiya ma tana da taurin da allo yake so, sai dai sarar da aka yi mata domin fitarwa waje ta kai har an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017, don haka tsohon katakonta da aka ciro daga ƙofa ko gado ya fi dacewa da a sare sabuwa, kuma ya riga ya bushe. Allo yana buƙatar katako mai tauri da ƙananan ƙofofin jiki, domin mai laushi haƙora suna murƙushe shi maimakon su kama.

Shawararmu ga mai niyyar wannan aiki a ƙasar Hausa ita ce ya yanka katakonsa kusa da girman da yake so, ya ajiye shi a inuwa a ɗakin da zai yi aiki har ya ga hunturu ɗaya aƙalla, sannan ya yi tsaga da dasawa da gyaran baki a cikin rani, lokacin da katakon ya kai iyakar tsukewarsa. Allon da aka yi wa haka, damina ƙara masa faɗi za ta yi, bakunan ƙarafa su ɗan shige ciki. Idan kuma jitar ta riga ta haɗu kuma bakunan sun leƙo, kada a cire ƙarafan. A jira tsakiyar hunturu, a bi su da ƙaramin magagari sau ɗaya, a sake zagaye su, galibi ba za su sake fitowa ba.